Ɗan Kwangila Ba Alƙali Ba Ne

'Yan uwa, tun da aka gyara kundin tsarin mulki a 2023 aka ba jihohi damar gina gidajen yari da tafiyar da su, ba za a rasa masu cewa a miƙa wa kamfanoni ba, wai gwamnati ta gaza. Kafin mu yi na'am, mu tambaya: wa zai riƙe bulala?

Kamfanin da ake biya bisa yawan kawunan da ke tsare, ribarsa tana cikin cikar ɗakuna. Idan aka ba shi ikon hukunta fursuna, ko rubuta rahoton da zai hana a sake shi da wuri, an ba kura ajiyar nama.

A jihar Pennsylvania ta Amurka, alƙalai biyu sun karɓi miliyoyin daloli daga masu harkar gidajen tsare yara na 'yan kasuwa, suna tura yara can kan ƙananan laifuka. Ɗaya daga cikinsu, Mark Ciavarella, an yanke masa shekara 28 a 2011. A Ingila, gwamnati ta karɓe gidan yarin Birmingham daga hannun G4S a 2018 bayan tarzoma da ƙwaya da ƙazanta sun yi katutu. A Afirka ta Kudu ma, a 2013 gwamnati ta karɓi ragamar gidan yarin Mangaung na ɗan lokaci daga wannan kamfanin. Kotun Ƙolin Isra'ila kuwa a 2009 ta soke dokar da ta halatta gidan yarin 'yan kasuwa, ta ce tauye 'yancin mutum don neman riba cin mutuncinsa ne.

Masu goyon baya za su ce ai gidajen gwamnati ma sun lalace. Gaskiya ne. Amma gandireban gwamnati albashinsa ba ya ƙaruwa don an ƙara wa wani wata shida. Ɗan kwangila ya dafa abinci, ya gyara famfo, ya koyar da sana'a. Hukunci, kulle mutum shi kaɗai, lissafin wa'adi da shawarar sakin fursuna su tsaya a hannun hukuma da kotu. Dokar gidajen yarin Afirka ta Kudu ta 1998 ta hana ɗan kwangila hukunta fursuna da lissafa wa'adinsa.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a Najeriya jiran shari'a suke yi. Cikinsu akwai yaranmu 'yan acaba da masu tura baro da aka kwashe a samame, ba lauya, ba dangi a kusa, ba sa jin yaren da ake tuhumarsu da shi. Sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyinmu su sa ido a majalisun jihohin da muke zaune. Duk ƙudirin da ya zo kan gidajen yari, a karanta shi, a halarci zaman jin ra'ayin jama'a, a nemi a rubuta iyakar ɗan kwangila ƙarara.

Allah ya kuɓutar da waɗanda aka tsare bisa zalunci.