Baƙo Ba Ya Sauka Inda Mai Gida Ba Ya Barci: Daga Yeongam Zuwa Bakalori

A shekarar 2010 Koriya ta Kudu ta buɗe wa baƙi ƙofofi biyu. Da damina, hukumar UNESCO ta sanya ƙauyukan Hahoe da Yangdong cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Ranar 24 ga Oktoba kuma aka yi tseren motocin Formula 1 na farko a ƙasar, a sabon filin Yeongam da ke lardin Jeolla ta Kudu, inda Fernando Alonso ɗan Sifaniya ya yi nasara da motar Ferrari cikin ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Baƙon da ya sauka ƙasar a wannan shekara yana iya kallon motar da ke gudun fiye da kilomita 300 a sa'a, washegari kuma ya kwana a ɗakin jinka a ƙauyen da zuri'a ɗaya ta shafe ɗaruruwan shekaru tana zaune.

Bayan tsere huɗu kacal aka rufe ƙofar farko. Ta biyu tana buɗe har gobe. Dalilin wannan bambanci ya shafi mutanen Janbako da Talata Mafara da Bakura fiye da yadda nisan ƙasashen biyu zai sa a zata, domin su ma an taɓa sauke musu wani katafaren aiki a tsakiyar gonakinsu, kuma har yau suna biyan kuɗinsa.

Filin da aka gina domin idon waje

An shimfiɗa filin Yeongam, mai tsawon kilomita 5.6, a kan ƙasar da aka ƙwato daga ruwa, kusan kilomita 400 daga Seoul. Injiniyan Jamus Hermann Tilke ne ya zana shi. Shirin hukumomin lardin shi ne tseren ya jawo otal-otal da gidaje da kasuwanni, har sabon birni ya tashi a kewayensa. An yi ta gaggawar aiki, har sai da ya rage ƙasa da mako biyu a fara tsere kafin hukumar tseren motoci ta duniya ta amince da filin. An ƙulla yarjejeniyar shekara bakwai, aka tsaya a 2013. Asarar da aka tafka a shekaru huɗun ta kai kusan won biliyan 190, birnin da aka yi alkawari bai tashi ba, bashi kuma ya hau wuyan lardi.

Matsalar a fili take. Manoman shinkafa da masuntan yankin ba su nemi filin tsere ba, ba su da abin yi da shi, kuma a sauran kwanakin shekara babu abin da ya haɗa shi da rayuwarsu. An gina shi ne domin baƙon kwana uku. Da baƙon ya ga tafiyar ta yi nisa, masauki ya yi ƙaranci, sai ya daina zuwa.

Ƙauyen da aka gyara domin masu shi

Labarin ƙauyen Koriya ya bi wata hanya. Farkonsa ƙasa ce. Dokar rabon gonaki da aka fara aiki da ita a 1950 ta ƙayyade cewa gida ɗaya ba zai mallaki fiye da kimanin hekta uku ba. Manomin da a da yake noma gonar wani yana ba da rabin amfani ya zama mai gona, yana biyan kuɗinta da hatsi cikin shekara biyar. Wanda gona ta zama tasa shi ne zai damu da hanyar da za ta kai shi gare ta.

A kan wannan harsashi Shugaba Park Chung-hee ya ƙaddamar da shirin Saemaul, wato Sabon Ƙauye, ranar 22 ga Afrilun 1970. Gwamnati ta ba kowane ɗaya daga ƙauyuka sama da 33,000 buhun siminti 335, da sharaɗin a yi aikin da zai amfani kowa. Mutanen ƙauye ne suka zaɓi aikin: wasu suka faɗaɗa hanya, wasu suka gina ƙaramar gada, wasu suka gyara rijiya ko wurin wanki. Su suka ba da ƙarfi, wasu har da gefen gona. Da aka dawo dubawa, kusan rabin ƙauyukan ne suka yi abin kirki, kuma su kaɗai aka ƙara wa buhu 500 da tan ɗaya na rodi. Sauran suka ga maƙwabta sun wuce su, suka tashi tsaye. Bahaushe ba ya buƙatar a fassara masa wannan; sunansa gayya.

Ba a yi shirin da hannu mai laushi ba. Park soja ne da ya hau mulki ta juyin mulki a 1961, ya ƙara ɗaure ƙasar a 1972, aka harbe shi a 1979. Jami'ai sun tilasta wa mutane sauke jinka su sa kwano, an rushe wuraren bautar gargajiya, an matsa wa manoma shuka irin shinkafar Tongil da yawancinsu ba sa son ɗanɗanonta. Jinkar da aka yi ta saukewa a wancan lokaci ita ce yau baƙi ke biyan kuɗi su gani a Hahoe da kuma Naganeupseong, ƙauye mai ganuwa da ke lardi ɗaya da Yeongam. Shirin kuma bai hana matasa tafiya birni ba. Masu zaman gidajen noma sun haura miliyan 14 a 1970. A 2023 ba su fi miliyan biyu da 'yan kai ba, fiye da rabinsu sun kai shekara 65.

Duk da haka, abu ɗaya ya tabbata. Lokacin da Sarauniya Elizabeth ta Ingila ta ziyarci Hahoe ranar 21 ga Afrilun 1999, ranar da ta cika shekara 73, ƙauyen da ta tarar yana da mutanensa a ciki, da hanya, da wuta, da ruwa, da kwanciyar hankali. Ba dominta aka tanadi waɗannan ba. Ta zo ne ta tarar da abin da masu gida suka riga suka mallaka.

Yeongam ɗin ƙasar Zamfara

A shekarun da ƙauyukan Koriya ke kwaɓa simintinsu, Najeriya mai kuɗin man fetur ta zaɓi hanyar babban aiki. Tsakanin 1974 da 1978 aka gina madatsar ruwa ta Bakalori a kan Gulbin Sakkwato, kusa da Talata Mafara. Tsawonta kilomita biyar da rabi, tafkinta ya cinye kimanin hekta 8,000, kuma an tsara ta shayar da hekta 23,000 a yankin Mafara da Bakura da Maradun. Kamfanin Impresit na Italiya ne ya yi kwangilar. A wancan lokaci shi wannan kamfani reshe ne na Fiat, wanda a 1969 ya mallaki rabin Ferrari. Ashe gidan da motarsa ta ci tseren Yeongam ya riga ya bar sawunsa a bakin Gulbin Sakkwato shekara talatin da wani abu kafin nan.

Bakalori ta fi filin tsere ma'ana nesa ba kusa ba, domin ruwa a ƙasar da damina ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar ba dukiya ce ta gaske. Amma yadda aka sauke ta iri ɗaya ne da na Yeongam: an zana a nesa, an kawo daga nesa, ba a tambayi mai gona ba. Tafkin ya tashi dubban mutane daga gidajensu da fadamunsu. Waɗanda gonakinsu suka faɗa cikin yankin ban-ruwa an hana su noma na shekaru ana baje ƙasa, aka tumɓuke itatuwansu, diyya kuma ta zo a makare, ko ta zo a gurguje, ko ta maƙale a hanya. A ƙasan madatsar, ambaliyar shekara-shekara da ke ciyar da fadamun shinkafa da wuraren su ta ragu, kamar yadda binciken masanin Birtaniya W. M. Adams ya nuna a shekarun 1980.

Manoma suka tare hanyoyin aikin suna neman haƙƙinsu. A ƙarshen Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari, aka tura musu 'yan sandan kwantar da tarzoma. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai suka mutu. Masu bincike daga baya suka ƙirga sama da 380. Sunan Birnin Tudu ya shiga tarihi ta wannan ƙofa.

Aikin da aka zubar da jini dominsa bai cika alkawarinsa ba. Kusan kashi biyu cikin uku na filin an tsara shi ne da na'urorin feshin ruwa masu buƙatar lantarki da kayan gyara daga waje. Kafin farkon shekarun 2000 sun daina aiki, aka koma noman kusan sulusin filin kawai, inda ruwa ke gangarawa da kansa ta kanal. Sai da aka ciwo bashin Bankin Duniya a 2014, ƙarƙashin shirin TRIMING, kafin a shiga gyara da gaske, kuma ɗaya daga ginshiƙan gyaran shi ne kafa ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa su riƙa kula da ƙananan hanyoyinsa. Abin da ya kamata a fara da shi a 1974 shi aka dawo nema bayan shekara arba'in.

Bikin da ya tsaya, da dalilin tsayawarsa

Arewa ba baƙuwar tseren motoci ba ce, ba kuma baƙuwar masu yawon buɗe ido ba. A can ƙasan wannan gulbi akwai Argungu, inda bikin kamun kifi ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, daga baya aka haɗa masa da tseren motoci da baje kolin amfanin gona. Bikin ya yi ƙarfi ne saboda su sana'ar mutanen wurin ce tun kafin a zo kallo. Amma ko shi ya tsaya bayan na 2009, bai dawo ba sai 2020, kuma rashin tsaro na cikin manyan dalilan.

A ƙasar Bakalori lamarin ya fi haka muni. A shekarar 2021 kaɗai an sace 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara, aka kwashe ɗalibai da ma'aikata daga kwalejin aikin gona ta Bakura, aka ɗauke ɗalibai 73 daga makarantar Kaya a Maradun. A shekarar aka rufe kasuwannin mako-mako, a watan Satumba kuma aka katse layukan waya. A Yunin 2023 'yan bindiga suka kashe mutane da dama a Janbako da Sakida. A ƙauyuka masu yawa manomi sai ya biya haraji ga ɗan bindiga kafin ya shuka, ya sake biya kafin ya girbe.

Ba za a ce yankin bai samu mai faɗa a ji ba. Ahmad Sani Yariman Bakura ya mulki jihar daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara daga 2011 zuwa 2019, Bello Matawalle na Maradun daga 2019 zuwa 2023. Shekara ashirin ke nan gwamna yana fitowa daga ƙananan hukumomi ukun da Bakalori ke shayarwa. Haihuwar gwamna a gari ba ta maye gurbin tsarin da zai sa kuɗi da shawara a hannun mutanen garin.

Abin da lissafi ya nuna

Mai ja da wannan ra'ayi zai ce Koriya tana da gwamnati mai ƙarfi, da tallafin Amurka, da masana'antun da suka ɗauki nauyin karkara, kuma ba ta fama da 'yan bindiga. Gaskiya ne, kuma siminti ba ya tare harsashi. Tsaro shi ne na farko, nauyinsa kuma yana kan gwamnati. Amma ƙauyen da ke da hanyar da motar jami'an tsaro za ta bi da damina, da gadar da ba ta yankewa, da matasan da noman rani ya riƙe, ya fi wuyar ci ga ɓarawo a kan wanda aka bari shi kaɗai a daji.

Kuɗin ma ba shi ne cikas ba. Zamfara tana da mazaɓu 147. In aka fara daga nan, aka ba kowace buhu 335, jimilla ba ta kai buhu 50,000 ba, wato lodin tirela tamanin da 'yan kai, ga kuma masana'antar siminti a Kalambaina kusa da Sakkwato. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya buɗe hanyar da irin wannan kuɗi zai bi. Abin da ya rage shi ne sharuɗɗan da suka sa na Koriya ya yi aiki: taron gari ya zaɓi aikin, a liƙa lissafi a bainar jama'a, a dawo a duba, a ƙara wa wanda ya yi, a hana wanda ya ci. A cikin filin Bakalori kuma, kowane manomi ya samu takardar gonarsa, ƙungiyar masu ruwa ta riƙe wani kaso na kuɗin ruwan da take tarawa domin yashe kanal.

Wannan aiki yana buƙatar 'ya'yan yankin da ke Gusau da Kaduna da Abuja: injiniyan da zai duba zanen kwalbati kyauta, akawun da zai bi lissafi, lauyan da zai tsaya wa takardar gona. Da yawansu rabon da su kwana a garinsu an yi shekaru. Ranar da ma'aikacin da aka haifa a Janbako zai ɗauki iyalinsa ya je hutun sallah can, ya kwana bakwai ba tare da ya tambayi halin da hanya ke ciki ba, ranar ce za a iya fara maganar gayyato baƙo ya zo kallon tafkin Bakalori.