"Shi aka gani da shi na ƙarshe" ba ta isa a rataye mutum ba

Jama'a, da an tsinci gawa, kafin 'yan sanda su iso mun gama shari'a a Facebook: "Ai shi aka gani da shi na ƙarshe." Shikenan, a kawo igiya.

Ku tuna shari'ar Maryam Sanda. A Nuwamban 2017 mijinta Bilyaminu, ɗan gidan Alhaji Haliru Bello na nan jiharmu, ya rasu a Abuja. Ranar 27 ga Janairu 2020 Mai Shari'a Yusuf Halilu ya yanke mata hukuncin rataya. Babu wanda ya ga sanda aka soke shi, ba a kawo wuƙa gaban kotu ba, likita bai buɗe gawar ba. Alamomi aka harhaɗa: abokin mamacin ya shaida ta yi ta kai masa farmaki a daren, ita ce tare da shi na ƙarshe, labarinta na fasasshiyar tukunyar shisha kuma bai shiga ba.

Ba wanke ta nake ba. A nan alamomin suna da yawa, kuma manyan lauyoyi sun bi su ɗaya bayan ɗaya. To ɗan kabu-kabun da ya ɗauko mai albasa daga Aliero zuwa Jega fa, da safe aka ga gawar a hanyar Maiyama? Alama ɗaya tak, ba shi da kuɗin lauya, sai takardar "na amsa laifi" da aka rubuta da Turanci ya dangwala yatsa. Sashe na 135 na Dokar Shaida ta 2011 cewa ya yi a tabbatar da laifi har kokwanto ya kau. Alamu sai sun toshe kowace ƙofa, sun nuna mutum ɗaya shi kaɗai.

Masu cewa wannan surutun 'yan boko ne, ku koma Suratu Yusuf. Rigar da aka yaga ta baya ta faɗi gaskiya, rigar da aka shafa wa jini ta yi ƙarya. A fiƙihun Malikiyya ma zargi mai ƙarfi bai isa ƙisasi ba, sai magada sun yi rantsuwa hamsin.

Mu ma da namu. Mu ne ke hana likita taɓa gawa, mu binne kafin azahar, sannan mu dawo muna ihun a rataye wane. Rabin sa'ar da likita zai auna rauni ya rubuta rahoto ba za ta hana sallar jana'iza ba. Ma'aikatar Shari'a a Birnin Kebbi ta daina karɓar fayil ɗin kisa daga hannun 'yan sanda in babu wannan rahoton a ciki.