Sirrin Majiyyaci Amana Ne

A 'yan shekarun nan asibitoci da dama a ƙasar nan sun soma ajiye fayil gefe guda, suna zuba bayanan majiyyata cikin kwamfuta. Ko shakka babu wannan ci gaba ne. Duk wanda ya taɓa wuni a layi ana neman fayil ɗinsa ya san haka. Amma akwai waɗanda ba a ji ta bakinsu ba, wato dattawanmu, alhali kuwa su suka fi kowa zirga-zirgar asibiti saboda hawan jini da ciwon suga da sauran lalurorin tsufa.

Dattijo ya saba ya faɗa wa likita ciwonsa daga shi sai shi. Yau kuwa sakamakon gwaji a waya yake zuwa, da Turanci, sai jika ko ɗan maƙwabci ya karanta masa. Ta haka ciwon da uba bai faɗa wa 'ya'yansa ba sai ya zama zancen zaure. In irin wannan mutum ya ja da baya, ba jahilci ba ne, kare mutunci ne. Illar kuwa babba ce, domin wanda yake tsoron tonon asiri zai ɓoye wa likita rabin ciwonsa, ko ya koma wajen masu tallar magani.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Dattawan yau sun ga gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a Kano cikin 1996, wanda iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba. Wannan rashin yarda yana cikin abin da ya jawo dakatar da rigakafin shan inna a 2003. Ita kuma kwamfuta ba ta fi ƙarfin ɓarawo ba. A 2020 aka gano an sace bayanan dubban masu neman shawarar likitan ƙwaƙwalwa a ƙasar Finlan, aka riƙa neman kuɗi wajensu don kada a tona su.

Doka dai muna da ita. Dokar Lafiya ta 2014 ta hana bayyana ciwon mutum sai da izninsa ko bisa umurnin kotu da makamantansa. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu bukatar tsaro na musamman, ta kuma kafa hukuma. Abin da ya rage shi ne aiki da su.

Saboda haka muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta tabbatar ana yi wa kowane dattijo bayani da harshensa: me aka rubuta, wa zai gani. A bar shi ya zaɓi wanda zai karɓi saƙonsa, wanda kuma ya fi son takarda a ba shi. Ma'aikacin da ya fitar da sirri a hukunta shi kowa ya ji. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Allah ya sa a gyara.