Waiwaye: Minti 58 a Cikin Guguwar Jupita

Ranar 7 ga Disamba, 1995, wata na'ura da kumbon Galileo na hukumar NASA ya saki ta tsunduma cikin iskar Jupita, wadda masana falaki na da suke kira Mushtari. Ta buɗe lema, ta riƙa gangarawa tana aiko da bayanai har tsawon minti 58, sannan ta yi tsit. A inda ta kai, zafi ya haura digiri 150, matsin iska kuwa ya ninka na iskar da muke shaƙa sau ashirin da ɗoriya.

Jupita ba ta da ƙasar da za a taka, tulin iskar haidurojin da hiliyam ce. Damina da rani ma ba su san ta ba. Karkatar da duniyarmu ta yi ta kusan digiri 23 ita ke kawo mana sauyin lokuta, ita kuwa Jupita karkatarta digiri 3 ce kacal. Saboda haka shekararta, mai tsawon kusan shekara 12 tamu, haka take wucewa kusan iri ɗaya. Abin da ke rura guguwarta shi ne zafin da ke tasowa daga cikinta, da saurin juyawar da ya sa kwananta bai cika awa 10 ba.

To, rai zai iya zama a nan? A 1976, Carl Sagan da Edwin Salpeter sun yi hasashen wasu halittu masu kumbura da iska, suna shawagi a tsakiyar gajimare inda zafi yake daidai wa daida. Cikas ɗin shi ne igiyar iska na iya jan su ƙasa su ƙone. Kuma duk wannan hasashe ba ya tsayuwa sai da ruwa.

Shi ya sa sakamakon Galileo ya sanyaya gwiwa. Gajimaren ruwan da ake tsammani bai bayyana ba, ɗanshin da aka auna kuma bai taka kara ya karya ba. Kai ka ce Jupita busasshiya ce ƙayau.

Ashe na'urar ta faɗa ne cikin wani wagegen giɓi a gajimare, ɗan arewa da tsakiyar Jupita, inda busasshiyar iska ke sauka. Tamkar baƙo ne ya dira a tsakiyar hamadar Tenere, ya duba gabas da yamma, ya koma gida ya ce duniyar nan babu kogi. Sai da kumbon Juno ya isa a 2016, ya leƙa ƙarƙashin gajimare da na'urarsa, sannan a 2020 aka bayyana cewa a yankin tsakiya ruwa ya kai kusan kashi 0.25 cikin ɗari na ƙwayoyin iskar. Wannan bai tabbatar da rai ba, domin har yau babu wata shaidarsa a can. Ya dai nuna maganar ba ta ƙare ba.

Galileo bai yi ƙarya ba. Abin da ya tarar shi ya faɗa. Hatsarin yana wajen mai ɗaukar awon wuri ɗaya ya yanke wa duniya guda hukunci. Mukan ce gani ya kori ji, amma ganin ma sai an tambayi mai shi: a ina ka tsaya, kuma wuri nawa ka duba?