Magajin Keffi Ɗan Yamusa Tsakanin Alƙalamin Bature da Gangar Maroƙi

Masu iya magana sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. To, ga wata waƙa ta garin Keffi da ta shekara fiye da ɗari da ashirin tana yawo a bakunan da ba su san kiɗanta ba. Tari kowane yaro a Gangaren Tudu, ko Tudun Ƙofa, ko Liman Abaji, ka tambaye shi ina Dutsen Maloni, nan take zai miƙa hannu ya nuna maka. Amma tambaye shi wane ne Magaji Ɗan Yamusa, wane muƙami ya riƙa, wa ya naɗa shi, me ya sa ya yi abin da ya yi, a ina ya kwanta dama, da ƙyar za ka sami abin da ya wuce jimla guda: shi ne ya kashe Bature. Wato dai baƙon da bai daɗe a garin ba ya sami dutse sukutum, shi kuwa jigon fadar da ya juya al'amuran ƙasar an dunƙule rayuwarsa a cikin yini ɗaya. Wannan dunƙulewa ita muka ƙi amincewa da ita, kuma ita ce dalilin wannan maƙala.

Kafin a yanke wa mutum hukunci, sai an san kujerar da ya zauna a kai. An kafa Keffi a farkon ƙarni na goma sha tara a hannun Abdu Zanga, Bafulatanin da ya fito daga ƙasar Katsina, kuma tun daga lokacin garin yana ƙarƙashin Zazzau, yana kai mata gaisuwa, ita kuma Zazzau tana bin Sakkwato. A ƙarshen wannan ƙarni, Magaji Ɗan Yamusa shi ne idon Sarkin Zazzau da kunnensa a Keffi, shi ne kuma mai dawaki da mayaƙa. Rahotannin Turawa da kansu sun tabbatar da cewa ƙarfin mulkin garin a hannunsa yake. Saboda haka mutumin da muke magana a kansa bafade ne mai muƙami, wanda ya yi mubaya'a, ya san wa yake yi wa aiki, ya kuma san abin da zai amsa idan ya saki amanar da aka ba shi.

Sa'annan a dubi zamanin. Ran 1 ga Janairu 1900 Lugga ya ɗaga tutar Ingila a Lakwaja, ya shelanta cewa Arewa ta shiga hannunsa, alhali galibin sarakunanta ba wanda ya shawarce su. A 1901 aka ci Kwantagora da Bida da Yola. Etsu Abubakar ya bar gadonsa, Lamiɗo Zubairu ya shiga daji. A farkon 1902 aka ci Bauci, aka tuɓe Sarki Umaru, aka kuma kama Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse. A damunar wannan shekara soja suka auka wa Abuja, wadda a yau ake kira Suleja, maƙwabciyar Keffi ta kusa. Shi kansa Sarkin Zazzau Kwasau, wanda ya gayyato Turawa su taimake shi a kan Nagwamatse, bai ƙarasa shekarar a kan gadonsa ba. Gani ga wane, in ji Hausawa, ya ishi wane tsoron Allah.

A cikin wannan hali ne, ran 3 ga Oktoba 1902, Razdan na lardin Nasarawa, Kyaftin Maloni, ya zo ƙofar fada ya aika Magaji ya fito. Magaji ya ƙi. Aka tura mataimakin Razdan cikin gidan, mutanen Magaji suka yi masa rubdugu, aka aika a kira soja. Magaji ya fito bisa doki ya kashe Maloni, aka kuma kashe Audu Timtim, tafinta kuma wakilin Razdan, sa'annan Magaji ya sheƙa Arewa. Iyakar abin da ya faru ke nan. Rigimar tana wajen fassara shi, kuma mun lura rukuni uku ne suka yi wa labarin kaka-gida.

Rukuni na farko su ne marubutan mulkin mallaka da waɗanda suka haddace littattafansu. A wurinsu Magaji ɗan ta'adda ne kurum, wanda ya kashe gurgu marar makami. Gaskiya ne Maloni yana da rauni a ƙafa, kuma ba ya riƙe da bindiga, mu kuwa ba mu ce zubar da jininsa abin tafi ba ne. Amma mutumin da ya aika a kira masa soja, wa zai ce ba shi da makami? Kuma da wane haƙƙi baƙo zai zauna a ƙofar fadar wani ya ce a gurfano masa da babban jami'in ƙasa? Da wani Bazazzagi ya je Landan ya zauna a ƙofar fadar Sarki Edwad na Bakwai ya ce a kawo masa waziri, da littattafan nan sun kira shi mahaukaci. Hasali ma, mutuwar Maloni faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Lugga ya daɗe yana hangen Kano da Sakkwato, gwamnatin Landan kuwa tana ɗari-ɗari da kashe kuɗi a kan sabon yaƙi. Da Sarkin Kano Alu Babba ya karɓi Magaji hannu biyu-biyu, ya ba shi masauki, ya girmama shi, sai Lugga ya sami hujjar da yake nema. Ran 3 ga Fabrairu 1903 Kanar Molan ya fasa ganuwar Kano, ran 15 ga Maris aka ci Sakkwato a filin Giginya. Mai hankali ya sani ba don ran mutum ɗaya ake cin daula ba.

Rukuni na biyu sun fi ba mu haushi, domin 'yan gida ne, kuma a zatonsu kare Magaji suke yi. Su ne masu cewa ai duk sharrin tafinta ne: wai Audu Timtim ne ya juya magana, ya gaya wa Magaji abin da Bature bai ce ba, ya gaya wa Bature abin da Magaji bai ce ba, da ba don shi ba da an rabu lafiya. Zargin nan tsoho ne, kuma ba mu ce tafintocin wancan zamani waliyyai ne ba. Amma a duba abin da wannan uzuri yake nufi. Yana nufin mutumin da ya shekara da shekaru yana karanta take-taken fadar Zazzau, yana tattara gaisuwa, yana jan runduna, bai fahimci abin da ke tafe ba sai da wani ɗan aike ya ruɗe shi kamar yaron goye. A ce tafintan nan ya fassara kowace kalma daidai, me Razdan ya zo nema? Ya zo ne Magaji ya saki mubaya'arsa ya bi sabon ubangiji, ya ajiye takobinsa, ya karɓi umarni daga bariki. Wannan buƙata ko da wane harshe aka faɗe ta ma'anarta ɗaya ce. Masu ɗora wa tafinta laifi sun wanke Bature daga zargin ƙwace, sun kuma tuɓe wa Magaji rawanin hankali, duk da sabulu guda.

Abin da ya biyo baya ya isa shaida. Wanda ya yi kisa cikin fushi daji yake nema ya ɓuya. Magaji kuwa fadar Kano ya dosa, inda ya san ana shirin tsayawa. Da Kano da Sakkwato suka faɗi, sai ya bi Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a hijirarsa zuwa gabas, har Burmi, kusa da kogin Gongola, a cikin jihar Gombe ta yau. A can, ran 27 ga Yuli 1903, aka kashe Sarkin Musulmi da ɗaruruwan mabiyansa, Magaji yana cikinsu, ta ɓangaren Turawa kuma Manjo Mash ya faɗi. Daga Keffi zuwa Burmi wata tara ne da 'yan makonni, kuma a tsawon wannan lokaci bai sauya alƙibla ba. A gefe guda kuma ga Wazirin Sakkwato Muhammadu Buhari, wanda ya zaɓi komawa gari ya yi sulhu don kada jama'a su watse, har ya rubuta wasiƙa ga malamai yana bayyana dalilansa. Manyan fadawa biyu, tambaya ɗaya, amsa biyu. Wannan shi ne darasin siyasar da ya kamata ɗalibi ya tauna, ya auna wanne ya fi kusa da daidai, ba tatsuniyar tafinta ba.

Rukuni na uku su ne maroƙan zamani, masu ganga da alƙalami. Su kuma sun ɗauki Magaji sun wanke shi tas, sun mai da shi gwarzon 'yancin Nijeriya, ƙasar da ba a haɗa ta ba sai 1914, shekara goma sha ɗaya bayan rasuwarsa. Abin da suke tsallakewa kuwa kowa ya san shi. Arzikin Keffi na wancan zamani yana da alaƙa da harin bayi, bayi suna cikin gaisuwar da ake kai wa Zazzau, kuma Magaji yana gaba-gaba a wannan harka. Ƙabilun da ke kewaye, irin su Mada da Eggon da Yeskwa da Gade, sun san zafin dawakin garuruwan daula, kuma hawa duwatsu ya zama garkuwar da yawa daga cikinsu. Jikokin waɗannan mutane suna zaune tare da mu a aji ɗaya, suna nazarin Hausa tare da mu, wasunsu ma sun fi mu iya ta. Da wace fuska za a miƙa musu littafin da ya kira Magaji mai ceton talakawa, ba tare da ko layi ɗaya a kan kakanninsu ba? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Mun san za a ce mana faɗin haka ba Bature gaskiya ne. Sam, ba haka ba ne. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Turawan da suka ce sun zo hana bauta sun yi doka a 1901 cewa 'ya'yan da aka haifa daga watan Afrilu na shekarar 'yantattu ne, amma suka bar iyayensu a hannun iyayengijinsu, ba su soke bautar gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Su ne suka yi aikin dogo daga Baro zuwa Kano da gumin mutanen da aka tilasta, su ne suka shafe Satiru a 1906. Laifin Magaji bai wanke Lugga ba, laifin Lugga kuma bai wanke Magaji ba.

Abin mamaki, su Ingilishin da suka rubuta mana Magaji da baƙar tawada ba haka suke yi wa nasu fadawan ba. Ɗauki Tomas Mor, babban wazirin Sarki Henri na Takwas. Ya ƙi rantsuwar amincewa da sarki a matsayin shugaban cocin Ingila, aka fille masa kai a 1535. Wannan Mor ɗin, a lokacin da yake kan muƙami, an ƙona mutane da rai saboda saɓanin aƙida, kuma bai ɓoye goyon bayansa ga hakan ba. Ko Tomas Kuromwel, wanda ya taimaka wajen kai Mor ga hauni, ya rushe gidajen ibada, shi ma sarkin ya sa aka sare shi a 1540. Shin Ingilishi sun jefar da su? Robert Bolt ya yi wa Mor wasan kwaikwayo mai suna A Man for All Seasons a 1960, Hilary Mantel ta yi wa Kuromwel littafin Wolf Hall a 2009, kowannensu ya ɗaga gwaninsa ya danne na wancan, masana tarihi kuma suna ta jayayya da su duka biyu. Ƙarni biyar ke nan suna tankaɗe da rairayar mutanensu, da kyansu da muninsu. Mu ne kaɗai ake so mu zaɓa tsakanin zagi da kirari.

Don haka ga buƙatarmu, kuma ga malamanmu da 'yan'uwanmu ɗalibai muke miƙa ta. Sunan Yamusa bai bar fadar Keffi ba: Muhammadu Cindo Yamusa na Biyu ya yi sarauta daga 1978 zuwa 2015, Shehu Cindo Yamusa na Uku ya gaje shi. Tsofaffin da suka ji labari daga bakin kakanninsu suna nan a Gangaren Tudu da Goriya da Yara, kuma kullum raguwa suke yi. A tura masu kundin digiri su ɗauko abin da ke bakinsu. A tura waɗansu zuwa Akwanga da Nasarawa Eggon su ɗauko yadda can ake ba da labarin dawakin Keffi. A gwama da takardun da ke ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna. Masu wasan kwaikwayo su sa Magaji da Waziri Buhari a dandali ɗaya su yi muhawara, su ba Audu Timtim baki ya kare kansa, su ba baiwar da aka kamo daga dutse nata bakin. Ba mu ce a kankare sunan Maloni daga dutsen ba, domin shi ma shafi ne na tarihin garin. Cewa muka yi a kafa allo a gindin dutsen, da Hausa da Ingilishi, mai bayyana wane ne Magaji, wa ya yi wa aiki, su wa ya kai wa hari, me ya ƙi, a ina kuma ya faɗi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah Ya ba mu ikon faɗin gaskiya ko da a kan namu ne, amin.