Wa'azin cefane: a fara da mai riƙe da aljihu

Daga Kanya Babba zuwa Babura, Kazaure, Roni da Gwiwa, duk shekarar da Allah ya ba da damina ba a rasa gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi. Amma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya gano cewa kashi 64 cikin ɗari na yaran Jigawa 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba, alhali a Najeriya baki ɗaya kashi 37 ne. Wannan fa tun kafin a cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kafin a rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin watan Yuli na shekarar, kafin tashin farashin abinci ya haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. Ke nan tsada ta tarar da ciwon ne a kwance, ta ƙara masa nauyi. Don haka maganar abin da talaka ke saya da ɗan abin da ke hannunsa magana ce da ta cancanci a yi ta, ko da kuwa tana da ɗacin faɗa a lokacin da wasu gidaje sau ɗaya suke ɗora tukunya.

Inda muke kuskure shi ne wanda muke yi wa wa'azin. Shekara da shekaru mata ake tarawa a wurin awon ciki da rigakafi, a nuna musu hoton ƙwai da kifi da ganye, a ce su ba yara. Matar ta koma gida, amma ba ita ke cefane ba. A yawancin gidajenmu maigida ne ke fitar da hatsi daga rumbu, shi ke tsayawa gaban mai tebur da yamma, shi ne kuma ke yanke shawarar buhu nawa na wake za a kai kasuwa da kaka. Ku dubi abin da ke shiga ledarsa: taliya, dunƙulen magi, ƙullin mai, ƙullin sukari, wani lokaci da biskit na lallashin yaro. A gefen teburin kuwa ga yarinya da farantin dafaffen zogale, ga mai ƙuli-ƙuli, ga tsohuwa da daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa. Kuɗin nan ɗaya ne, amma abin da suke zama a jikin yaro ya sha bamban. Taliya da tuwo tsura cika ciki suke yi su ba da ƙarfin yini. Ginin jiki da ƙarin jini sai an haɗa hatsi da dangin wake, domin abin da gero ya gaza da shi wake na da shi, abin da wake ya gaza da shi gero na da shi. Iyayenmu da suka ƙirƙiro ɗanwake da kunun gyaɗa da fura da nono da kwaɗon rama ba su karanta wannan a littafi ba, amma sun dace da shi.

Za a ce mai jin yunwa ba ya zaɓe, kuma yi wa wanda bai karya ba lacca a kan kayan gina jiki cin fuska ne. Akwai gaskiya a nan, kuma duk shirin da ya zo da baki kawai, hannu wayam, ya cancanci a yi masa kunnen ƙashi. Sai dai an gwada wata hanya a nan Jigawa. Daga 2013 zuwa 2019, ƙungiyoyin Save the Children da Action Against Hunger, da kuɗin gwamnatin Birtaniya, sun gudanar da shirin tallafin rainon yara a Buji, Gagarawa da Kiri Kasamma, da wasu ƙananan hukumomi a Zamfara. An riƙa ba mace kuɗi duk wata, da farko naira 3,500, tun tana da ciki har yaro ya cika shekara biyu, tare da bayani kan shayarwa da abinci, har ta rediyo da bakin malamai. Masu binciken da suka bi diddigin gidajen sun tarar yara na cin abinci kala-kala fiye da na ƙauyukan da shirin bai kai ba, kuma tsumburewa ta ragu.  Abin lura shi ne an haɗa kuɗin da sani, an kuma kai saƙon inda maza ma za su ji.

Hujja ta biyu da za a kawo ta fi ƙarfi, kuma mata ne suka fi saninta: wake na cin itace. Taliya kuwa kafin a ce kwabo ta nuna, ga shi yara na sonta. A yankin da itacen girki ke tsada, wannan lissafi ne na mai hankali. Amma jiƙa wake tun dare na rage lokacin dahuwa ba tare da an labta masa kanwa ba, wadda ke kashe wani ɓangare na amfaninsa. Garin kunu na gero da waken suya da gyaɗa, idan aka soya aka niƙa sau ɗaya, zai yi kwanaki ana damawa cikin 'yan mintuna. Ƙuli-ƙuli da garin zogale ba sa neman wuta ko kaɗan, barbaɗawa kawai ake yi. Ko taliyar ce za a ci, a watsa mata ganye da ɗan wake, ta tashi daga cika ciki zalla.

Babbar asarar ma ba a gaban mai tebur ake yin ta ba, a kaka ake yin ta. Manomi ya sayar da wake da gyaɗa da riɗi lokacin da kasuwa ta cika farashi ya faɗi, don biyan bashin taki ko hidimar biki, ya bar wa gida hatsi kaɗai. Da bazara ta yi nisa, waken da ya sayar da araha ya fi ƙarfin aljihunsa. Wani dalilin saurin sayarwar shi ne tsoron ƙwari, wanda ya sa wasu ke zuba wa wake magani mai guba. Alhali tun 2007 aka fara yaɗa buhun PICS mai hawa uku, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta samar, da ke toshe iska ƙwarin su mutu ba tare da ɗigon magani ba. Buhu ɗaya da aka ɗaure aka ce na yara ne, ba na kasuwa ba, ya fi fastoci ɗari a bangon asibiti.

Akwai kuma girman kai da ya kamata mu faɗa wa juna. Mun mayar da shinkafa da taliya abincin wayayyu, zogale da rama da tafasa kuma abincin babu. Magi ya kori daddawa daga tukunya, alhali gishiri ne mafi yawansa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini. Hawan jini bai san talaka ba balle ya tausaya masa.

Ba a ce gwamnati ta wanke hannunta ba. Hakkinta ne ta sa kuɗi a hannun masu ciki da masu shayarwa, ta kuma tabbatar man girki da sukari da fulawa na ɗauke da sinadarin bitamin A da doka ta wajabta tun 2002, domin man da ake aunawa daga jarka marar suna ba wanda ya san abin da ke cikinsa. Amma saƙon cefane a kai shi inda masu cefane suke: majalisar bakin masallaci, teburin mai shayi, taron ƙungiyar manoma, huɗubar Juma'a. Limamai da dagatai da malaman gona na Kanya Babba da kewaye, kafin a fara ɗaukar amfanin bana zuwa kasuwa, ku gaya wa magidanta su ware wake da gyaɗar gida tukuna, su sayar da abin da ya rage.