Kamfanonin Jiragen Sama da Amanar Fasinja a Lokacin Annoba

Ranar 27 ga Fabrairu 2020 Saudiyya ta dakatar da shigar masu Umara daga ƙasashen waje saboda annobar korona. Ranar 23 ga Maris Najeriya ta rufe filayen jiragenta ga zirga-zirgar ƙasa da ƙasa, ba ta sake buɗe su ba sai 5 ga Satumba. Magidanta da ɗalibai da dama suka wayi gari da tikiti a hannu, babu jirgi, kuɗinsu kuma yana wurin kamfani.

A kwanakin lafiya kamfanoni suna riƙe fasinja ne da rangwame da tara maki. Da annoba ta zo, tambayarsa ta koma biyu: za a kare lafiyata? Za a mayar mini da kuɗina?

Wasu sun amsa da aiki. Kamfanin Delta na Amurka ya bar kujerun tsakiya babu kowa har ƙarshen Afrilu 2021, ya haƙura da kuɗinsu don a rage cunkoso. Wasu kuwa suka riƙe kuɗin jama'a, suka miƙa takardar alkawarin wata tafiya nan gaba. A Nuwamba 2021 sai da Air Canada ya amince da hukuncin dala miliyan 4.5 daga ma'aikatar sufuri ta Amurka kan jinkirta mayar da kuɗi.

Ba mu musanta cewa kamfanonin sun tafka asara ba, domin a 2020 tafiye-tafiyen fasinja a duniya sun ragu da kusan kashi biyu cikin uku. Sai dai asara ba ta halatta riƙe haƙƙin wani. Kuɗin tikiti ladan aiki ne, idan aikin bai yiwu ba, zaɓi na mai kuɗi ne. Rayukan da ke cikin jirgi kuma amana ce da ta fi ribar kujera.

Fasinja ma yana da nasa nauyin. Manyan jiragen zamani suna sabunta iskarsu duk bayan 'yan mintoci, amma matatar iska ba ta shiga tsakaninka da mai tari a gefenka, ko a layin shiga. Wanda ya ɓoye ciwonsa, ko ya sayi takardar gwaji ta jabu, ya ci amanar abokan tafiyarsa. Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya juya daga hanyar Sham da ya sami labarin annoba, kuma hadisi ingantacce ya hana shiga ƙasar da ta ɓulla ko gudu daga cikinta.

Saboda haka muna kira ga masu shirin Umara ko karatu a waje: kafin ku biya, ku nemi sharuɗɗan mayar da kuɗi da canjin rana a rubuce, ku kuma binciki yadda kamfanin ya yi da mutane a 2020. Muna kira ga NAHCON da NCAA su tsaurara waɗannan sharuɗɗa tun annoba ba ta dawo ba. Kamfanin da ya riƙe amana ranar tsanani shi ya cancanci mu koma masa. Allah Ya tsare matafiyanmu, Ya dawo da su gida lafiya.